Lahadi: daga Mile 12 zuwa Epe, da Hawan Kibo a raina

Sai yanzu bayan Isha'i na samu zama. Cinyoyina na zogi, bayan wuyana ya soye da rana, amma gara in rubuta abin da ya faru yau tun yana da ɗumi.

Mun bar Mile 12 da idar da sallar Asuba, ni da Autanmu da abokan hawanmu biyu, ɗaya daga Agege, ɗaya daga Idi-Araba. Kasuwa ta riga ta farka, ana ta sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, 'yan dako na kai da kawo, dole muka ja kekunan da hannu har muka fita daga cunkoso kafin kowa ya hau sirdi. Epe muka nufa ta Ikorodu da Itoikin. Mun zaɓi hanyar ne saboda tana da ɗan hawa da gangara, mu kuwa hawa muke nema, domin mun ƙulla niyyar tashi daga Akwanga mu hau Hawan Kibo mu shiga Jos a kan keke kafin damina ta kankama a can.

Legas gari ne shimfiɗaɗɗe, ruwa da fadama da yashi. Masu keken tsere na Ikoyi da Lekki gada suka mayar dutsensu, wato gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013, mai tsawon kilomita ɗaya da ɗoriya. Su hau, su sauka, su juyo su sake hawa. Ban raina ƙoƙarinsu ba, ni ma na sha yi. Amma hawan da zai ƙare cikin minti biyu ba zai nuna wa mutum abin da hawan sa'a guda zai tambaye shi ba. Na daɗe wannan na damuna, sai yau na ga cewa abin da Legas ta hana mu ta wani gefen ta ba mu shi ta wani, domin zafin garin nan makaranta ce mai zaman kanta.

Har muka wuce shataletalen Ikorodu iska na da sauƙi. Danfo ne kawai abin lura, don direba zai yanko gabanka ya tsaya ɗaukar fasinja ba ko sigina. Daga Maya zuwa Imota, inda katafaren injin casar shinkafar nan yake, hanya ta fara ɗagawa tana sauka. Wajen ƙarfe tara rana ta buɗe. Wanda ya tashi a Arewa ya san zafin bazara, mai busar da leɓe da maƙogwaro, amma na nan daban ne. A Kano ko Sakkwato gumi na fitowa iska na shanye shi, kuma wannan bushewar ce take sanyaya jiki. A nan iskar ta riga ta ƙoshi da damshin teku, ba ta da wurin ɗaukar wani. Gumin sai ya tsaya a fata, ya gangaro cikin ido, ya ɗiga a kan sandar keke, jiki na asarar ruwa amma bai huce ba. Ma'aunin zafi zai nuna talatin da biyu ko da uku, mutum ya ji kamar an kifa masa tukunyar dambu a ka.

A hawa abin ya fi tsanani, kuma dalilin a fili yake. A miƙaƙƙiyar hanya gudun keke da kansa yana kawo iska. Da an fara hawa gudu zai ragu, iska ta ɗauke, alhali a lokacin ne ƙafa ta fi aiki, jiki ya fi haifar da zafi. Mai hawa a irin wannan yanayi yakan zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko fiye a sa'a guda, kuma tare da gishiri yake fita. Shi ya sa gorata ɗaya ruwa ne zalla, ɗayar kuma ruwan gishiri da sukari, irin ƙunshin da ake sayarwa a kemis a zuba a lita guda. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwan leda kawai tsawon yini ba gishiri, shi ma yana iya jigata.

Auta yana da ƙarfi, ya fi mu duka ƙafa, kuma ya san da haka. Duk tudun da muka tunkara sai ya miƙe tsaye a kan feda ya bar mu a baya, ya jira mu a sama yana murmushi. Na ce masa, "Auta, sauko da giya, ka bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba." Ya ce, "Yaya, wannan ai ba hawa ba ne." Gaskiyarsa, ba hawa ba ne. Amma bayan Agbowa na lura ya daina magana, kuma farin gishiri ya zana layi a bayan rigarsa. Kafin Itoikin jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya sauka yana ɗingishi, ya ce kansa na sarawa yana ganin jiri.

Gabana ya faɗi sosai. Muka shigar da shi inuwar wata rumfa, muka cire masa hular kwano, muka buɗe rigar, muka jiƙa masa wuya da hammata da ruwan sanyi muna yi masa fifita da kwali. Matar da ke da rumfar, wata dattijuwa Bayarabiya, ba ta jira an roƙe ta ba ta kawo ƙanƙara daga cikin kularta. Na riƙa yi masa tambayoyi, sunan unguwarmu, ranar da muke ciki, don abin da nake tsoro shi ne ya fara ruɗewa ko surutai. Idan zafi ya kai mutum nan, maganar asibiti ce nan take, a ci gaba da sanyaya shi har a isa. Alhamdu lillahi yana amsawa daidai, ya sha ruwan gishirin kaɗan-kaɗan, ya ci ayaba da dabino, idonsa ya washe. Duk da haka na ce hawansa na yau ya ƙare. Bai so ba, amma bai yi mini musu ba. Muka sa shi a mota da kekensa tare da abokinmu na Agege, su jira mu a Epe.

Mu biyu muka ƙarasa a hankali. A Epe muka yi Azahar, muka ci kifi kusa da kasuwar bakin ruwa, muka zauna jiran rana ta karya. A nan ne abokinmu na Idi-Araba ya buɗe wayarsa ya nuna wa Auta bidiyon dutsen Ventoux na kudancin Faransa, ɗaya daga cikin duwatsun da ake hawa a gasar Tour de France, wadda ake yi a watan Yuli, tsakiyar zafinsu. Tsayinsa ya haura mita 1,900. Daga garin Bédoin hawan ya kai kilomita 21, kuma a kowace mita ɗari hanya na ɗagawa da mita bakwai da wani abu. Kusa da ƙoli babu bishiya ko ɗaya, farin dutse ne tas yana mayar wa mutum da hasken rana a fuska. A nan ne Tom Simpson ɗan Ingila, wanda ya ci gasar duniya a 1965, ya faɗi ranar 13 ga Yuli 1967, saura kamar kilomita ɗaya ya kai sama, ya rasu yana da shekara 29. An samu ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa, ga zafi, ga rashin ruwa, a zamanin da dokar gasar take taƙaita ruwan da ake miƙa wa mahaya. Har yau masu hawa na ajiye gorar ruwa a wurin da aka kafa masa dutsen tunawa.

Labarin nan yana taɓa ni duk lokacin da na ji shi, domin mutumin ƙarfi bai gaza masa ba. Ƙwayar ta toshe masa jin gargaɗin da jikinsa ke yi. Na faɗi haka a gaban Auta da gangan, don na san samari da yawa a garin nan, masu acaba da 'yan dako, da suke haɗiyar ƙwaya ko su sha lemon ƙara ƙarfi gwangwani bayan gwangwani wai don su jure rana. Shi kuwa Auta hankalinsa ya fi tafiya ga Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024. Na ce masa ya tuna Asmara, babban birnin ƙasarsu, tana sama da mita 2,300, yaran can da hawa suka buɗi ido. Mu namu rabon zafi ne da damshi, kuma jiki na sabawa da shi: mako ɗaya zuwa biyu na motsa jiki a zafi bisa ƙa'ida, gumi zai fara fitowa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sassauta. Da sannu ake samun wannan, ba a yini ɗaya ba.

Da la'asar muka shigo mota gaba ɗaya. Ban ga amfanin sake jefa kowa cikin rana ba.

Da magariba na leƙa wurin Kawu a rumfarsa. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga Filato, don haka Hawan Kibo a tafin hannunsa yake. Na ce, "Kawu, yaya kuke yi da hawan nan?" Ya ce, "Ɗana, kowa hawan yake tsoro, mu direbobi gangarar muke tsoro. Wanda ya dogara da birki tun daga sama, kafin ya kai Assop a gindin dutse birkin ya yi zafi ya saki. Da giya ake sauka." Maganarsa ta shafe mu kai tsaye, don kekunanmu birkinsu a bakin ƙarfen taya yake kamawa. In aka danne shi ba sassauci a doguwar gangara, ƙarfen na iya yin zafin da zai fasa tiyub. Sai dai a riƙa kamawa ana saki, gaba da baya, a tsaya a huta in ta kama. Ya kuma ja kunnena a kan manyan motocin da ke shan kwana a wurin, ya ce kada mu kuskura dare ya same mu a hanyar, kuma mu tafi da mota tana bin mu a baya da ruwa.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, kuma duk mita dubu da aka hau zafi na raguwa da kamar digiri shida. Wato wahalar tana ƙasa, tsakanin Akwanga da gindin dutse, inda rana ke dukan kwalta. In muka tashi da Asuba muka ci wannan yankin kafin hantsi ya yi ƙarfi, sauran aikin na haƙuri ne da ƙaramar giya.

Auta ya ci tuwo ya kwanta, na duba shi jikinsa ya yi sanyi, ciwon kan ya tafi. Na gaya masa ba zai taɓa keke ba sai ya huta sosai, kuma ba zan sa sunansa a tafiyar Jos ba sai na ga ya yi hanyar Epe yana shan ruwa a kan lokaci ba tare da an tuna masa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kai kekunan wurin mai gyara a Agege ya sa mana babban faranti a giyar baya, ya canza robar birki, in kuma sayo mazaunin gora na uku.