Kilo 900 da aka rubuta a kwali

Har yau in na bi ta layin Hajiya a Aboabo, nan cikin Kumasi, sai na sunkuyar da kai. Ba ta taɓa tada maganar ba, baiwar Allah, amma jikokinta biyu suna falon ranar, kuma yaro ba ya riƙe sirri.

Shekara shida ina tausa a kan tabarma da katifa: masu jego, amare, da tsofaffi masu ciwon baya. Gwiwoyina ne suka gaji da durƙuso, na ce in kwasar adashi ta zo kaina zan sayi gadon tausa irin mai naɗewa biyu kamar akwati, wanda zan saka a pragya, keken haya mai ƙafa uku, in je Asawase ko Tafo. Na kwashi adashi ranar Juma'a, Asabar da safe ina shagunan Adum. Mai shagon ya buga kwalin da tafin hannu, ya nuna min inda aka rubuta kilo 900 da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Anti, ko saniya kika ɗora, ba abin da zai same shi." Ban ma sa ya buɗe gadon duka ba. Na taɓa soson na ji laushi, na tura masa kuɗi ta momo, wato ta waya, na fito ina jin kamar na ci kasuwa.

Mako uku yana aiki lafiya, don duk waɗanda suka hau 'yan mata ne marasa jiki. Hajiya kuwa, tubarkalla. Ta kwanta rub da ciki, na shafa mata man kaɗanya, na ɗora hannu biyu a ƙugunta na danna da nauyina kamar yadda na saba. Sai ƙas! Ƙafar gefen kai ta tsage daidai ramin da kusa ke shiga, gadon ya karkace, Hajiya ta sulalo ƙasa da zani a hannu tana salati. Allah Ya tsare, gwiwar hannu kawai ta buge. Ni ce na rasa inda zan sa fuskata. Ita ce ma take ba ni haƙuri: "Ɗiyata, bar kuka, ƙaddara ce."

Ba ƙaddara kaɗai ba ce. Wata ƙawata mai aikin gashin ƙashi a asibiti ta zo ta juya kwalin, ta yi tsaki. Ashe lamba biyu ake ba gadon tausa. Ɗaya nauyin da zai ɗauka ne in an jera masa kaya a hankali, an baza su ko'ina, ba motsi. Wannan ce babbar, ita ake bugawa a kwali don ta ja ido. Ɗayar kuma nauyin aiki: jikin wanda ya kwanta, da dannawar mai tausa, da jujjuyawa, da zaman da mutum ke yi a gefe guda kafin ya miƙe. Gadaje masu kyau sukan ba da kilo 200 zuwa 250 a nan. Nawa, da muka lalubo 'yar takardar da ke cikin jaka, ba a ma rubuta ta biyun ba. Kilo 900! In na tuna har yanzu raina ɓaci yake. Na koma shagon, mutumin ya ce ba shi ya ƙera ba.

Na kai gadon wurin kafintoci a Sokoban. Wani dattijo ya duba katakon, ya nuna min ƙulli a daidai wurin da ya tsage, ya ce zai gyara, amma shi ba zai ɗora mahaifiyarsa a kai ba.

Da zan sayi na biyu, mai shago ya sha mamaki. Na sa an buɗe, na hau da gwiwa a tsakiya inda yake naɗewa, na zauna a kowane gefe, na girgiza shi ina sauraron ko zai yi ƙara. Na leƙa ƙasa na ja wayoyin ƙarfen nan da ke riƙe ƙafafu, su ne ƙarfin gadon, in sun saki an gama. Na ce a nuna min nauyin aiki a rubuce, ba da baki ba. Faɗi na ɗauki santimita 70, don na farkon 60 ne kuma hannayen mutane zubowa suke. Tsayi kuwa, na tsaya na saki hannu, na sauke ƙafafun gadon har dunƙulena ya taɓa katifar. Ledar na zaɓi mai ɗan tauri, saboda mai laushin nan man shafawa da gumi da danshin Kumasi ɓare ta suke. Ya fi na farko nauyi, kusan kilo 15, kafaɗata na sani duk lokacin da na hau bene da shi, kuma kuɗinsa sai da mijina ya cika min.

Watan jiya Hajiya ta aiko a kira ni. Na shiga da sabon gadon a kafaɗa, na buɗe, na hau kansa na zauna don ta gani. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa jikarta ta ɗauko tabarma.