Ni da Thunderbird da baƙin allo

Kwamfutar da nake cin abinci da ita ThinkPad ce ta hannu, na saye ta a titin Beirut a Kano, RAM ɗinta giga 4 kacal. Da Windows 7 ta zo mini. Da aka daina kula da wannan Windows ɗin a Janairun 2020, wani abokina da muke kira Injiniya ya zuba mini Linux Mint, ya ce in je in yi sati biyu da ita, in ba ta yi mini ba in dawo ya mayar mini da ta da. Har yau ban koma ba.

Sana'ata fassara ce da gyaran rubutu, don haka kusan duk abin da zai shiga aljihuna ta imel yake biyowa. A burauza nake buɗe akwatina tun fil azal, ban taɓa jin wani abu ya rage ni ba, sai wata ranar Laraba da sabis ya ɗauke tun hantsi. Ga aiki a gabana, ga caji a kwamfuta, amma umarnin da mai aikin ya rubuto game da yadda yake so a rubuta sunayen magunguna yana cikin wasiƙar da ba zan iya buɗewa ba. Wasiƙa tawa ce, an aiko mini na karanta jiya, amma tana zaune a sabar wasu a wata ƙasa. A ranar na ce sai na samo manhajar da za ta ajiye mini wasiƙuna a gida.

Ban yi nisa ba, don Thunderbird tana cikin Mint tun asali. Tsohuwar manhaja ce ta gidan Mozilla, fitowarta ta 1.0 tun Disambar 2004. Na rubuta adireshina, ita da kanta ta nemo sabar karɓa da ta aikawa, ta cike lambobin mashiga, 993 na karɓa da 465 na turawa. Ta tambaye ni IMAP nake so ko POP3. Bambancin kamar mai gadin gidan waya ne guda biyu: POP3 ya miƙo maka wasiƙarka ka tafi da ita, IMAP kuwa ya bar ta asali a wurinsa, duk abin da ka yi a kwamfuta, ko gogewa ko karantawa, ya nuna a wayarka. Tunda ina duba saƙo a waya, na ɗauki IMAP, na bar kwamfutar a kunne na tafi sallar magariba.

Da na dawo, datar da na saya ta wata guda ta ƙare ƙarƙaf. Laifina ne, ba na kowa ba. A saitin akawun akwai wani ɗan akwati da ke cewa a ajiye duk saƙonnin dukkan foldoji a wannan kwamfuta, kuma na gan shi da idona, na wuce. Saƙonnin shekara goma da ɗoriya, da hotunan biki, da takardun aiki masu nauyi, duk ta kama janyowa kamar yadda na ba ta izini. Wani ƙarin abin da ban sani ba shi ne, a Gmail alamomin da kake maƙala wa saƙo suna fitowa ne a matsayin foldoji ta IMAP, ga kuma babbar foldar da ta tattara komai da komai, don haka saƙo ɗaya yana iya saukowa sau biyu ko uku. Washegari na koma wurin na ce saƙonnin kwana 30 kawai nake so, na cire babbar foldar daga lissafi, na kuma hana sauke duk saƙon da ya yi nauyi sai na buɗe shi da kaina. Wanda duk zai fara amfani da Thunderbird a kan datar waya, ya yi wannan saitin kafin ya tashi daga kujera.

Daga nan muka zauna lafiya kusan shekara biyu. Abu ɗaya ne yake damuna: nauyi. Thunderbird da injin Firefox aka gina ta, kusan burauza ce ta biyu. In na buɗe ta, ga burauza, ga LibreOffice da takarda mai shafi ɗari, sai fankar kwamfutar ta kama huci kamar tsohuwar babur a kan tudu, batir kuma ya dinga zuba. Na gwada Evolution ta mutanen GNOME, na ga an yi ta ne don ma'aikacin ofis mai kalanda cike da taruka, ba irina ba. Claws Mail ba ta da nauyi ko kaɗan, na yi kwana huɗu da ita. Da a lokacin na tsaya a kanta ma da wataƙila ba ni da labarin bayarwa.

Amma na je shagon Injiniya na tarar yana karanta imel a baƙin allo, wato taminal, inda ake ba kwamfuta umarni da rubutu, babu hoto, babu linzami, yatsunsa kawai ke rawa.

"Injiniya, wannan kuma wane irin wahalar da kai ne?"

"Malam, zo ka gani," in ji shi. Ya danna T, ya rubuta wata 'yar alama da adireshin wani kamfanin talla, saƙonni fiye da ɗari suka yi tauraro a gefe, ya danna maɓalli biyu suka ɓace. "Kai da linzami sai la'asar."

NeoMutt ce, jikar Mutt da Michael Elkins ya rubuta a 1995, wanda kirarin da ya yi wa manhajarsa shi ne duk manhajojin imel ba su da daɗi, tasa dai rashin daɗinta da sauƙi. Gaskiyar mutumin ta burge ni fiye da manhajar.

Tsoro bai bar ni na fara da ita ba, sai na fara da Alpine, magajiyar Pine ta Jami'ar Washington. Alpine tana da kirki ga baƙo: duk umarnin da kake buƙata yana jere a ƙasan allo, kuma wanda ya taɓa rubutu da editar nano zai ji kamar ya shigo gidan dangi, don nano kwaikwayon Pico ce, editar da ke tare da Pine. Sai dai yadda na saita ta, kai-tsaye take magana da saba, duk saƙon da zan buɗe sai ta je ta ɗauko. In sabis ya yi rauni sai ta daskare tana jira. Na dawo gidan jiya ke nan.

Daren farko da NeoMutt, na danna m zan rubuta wasiƙa, sai ta jefa ni cikin wata editar rubutu mai suna vi. Na yi rubutu ya ƙi fitowa, na nemi ƙofar fita babu. Sai da na kira Injiniya ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana dariya ya ce in danna Esc in rubuta :q! sannan in sa layi ɗaya a fayil ɗin saiti da zai ce nano nake so. Bayan wannan sai matsalar da ta fi ci mini rai: wasiƙar Hausa ta shigo, duk inda ƙ take sai in ga \306\231, kalmar "ƙasa" ta koma kamar lambar mota. Ba wasiƙar ce ta lalace ba. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 gutsure biyu ne, ni kuma garin kwafe-kwafen saiti daga intanet na sa taminal ɗina a yanayin da bai san UTF-8 ba, sai yake nuna mini gutsattsarin a lambobi. Da na gyara layin LANG, mai saita harshe da tsarin haruffan taminal, ɓ da ɗ da ƙ suka dawo da ƙugiyarsu.

Sai maganar kalmar sirri. Tun 30 ga Mayun 2022 Google ta daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga akawun da kalmar sirrin yau da kullum. Thunderbird ba ruwanta, taga take buɗe maka ka amince a wuce wurin. A baƙin allo kuwa sai na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, na karɓi kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16. Na yi wata guda tana kwance tsirara a fayil ɗin saiti kafin kunya ta sa na kulle ta da gpg, manhajar ɓoye rubutu.

Inda abin ya fara biyan wahalarsa shi ne da na gane Mutt ba ta son yin komai ita kaɗai. An raba aikin ne kamar a kasuwa, kowa da rumfarsa. Wata 'yar manhaja mbsync ita ke zuwa saba ta kwaso saƙonni ta zuba a kwamfuta, msmtp ke kai wanda na rubuta, NeoMutt karatu da rubutu kawai. Tsarin ajiyar sunansa Maildir, wanda Daniel Bernstein ya ƙirƙiro, kuma ranar da na leƙa cikinsa na daɗe ina kallo: foldoji uku, cur da new da tmp, kowace wasiƙa fayil guda mai zaman kansa da zan iya buɗewa da kowace edita, in kwafe a filashi, in bincika da grep, manhajar neman kalma a cikin fayiloli. Na haɗa da msmtpq, wadda ke tara wasiƙun da na rubuta babu sabis ta tura su in ya dawo. Na ma koya wa NeoMutt Hausa kaɗan: akwai saitin abort_noattach da ke tsayar da kai in ka ambaci liƙa fayil alhali ba ka liƙa ba, na ƙara masa "na haɗo" da "ga takardar", ya cece ni daga jin kunya ba sau ɗaya ba.

Har na fara yi wa mutane wa'azin baƙin allo, sai ga wata hajiya da nake yi wa fassarar ƙasidu ta rubuto: "Malam, ka duba wuraren da na sa ja, su kaɗai nake so a canza." Na karanta wasiƙar daga sama har ƙasa, babu ja babu kore. Na amsa cikin ladabi cewa Hajiya da alama an manta ba a sa alamar ba. Ta sake turowa. Na sake cewa ban gani ba. A karo na uku ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye, irin sanyin da ya fi faɗa zafi: "Malam, ko dai aikin ne ya yi maka yawa?"

Na buɗe saƙon a waya, ga ja nan ɓaro-ɓaro har wuri tara. Ita a cikin jikin wasiƙar ta yi wa kalmomin launi, ni kuma na sa w3m, burauzar baƙin allo, ta riƙa mayar mini da duk wasiƙar HTML, wato mai launi da ado irin na shafin intanet, rubutu zalla, launi da komai ya zube a hanya. Da na danna v na buɗe ɓangaren HTML a burauza da na gani tun farko, amma ban ma san akwai abin nema ba. Na ba ta haƙuri, na yi aikin a daren, ban karɓi kuɗin gyaran ba.

Wannan ya sauke mini girman kai. Mutanen da nake aiki da su ba masu rubuta manhaja ba ne da ke aika wa juna rubutu zalla. Launi suke sawa, da jadawali, da gayyatar taro mai maɓallin amsawa, kuma ba su za su canza don ni ba. Na dawo da Thunderbird, da saitinta na kwana 30, ina buɗe ta in saƙo ya zo daga irin su Hajiya ko an gayyace ni taro, in na gama in rufe. Tunda duka biyun ta IMAP suke, abin da na karanta a ɗaya ya nuna an karanta a ɗayar.

Sauran yini kuwa a baƙin allo nake. In na dawo daga sallar asuba, lokacin da sabis ya fi kyau a unguwarmu, sai in rubuta mbsync -a, kafin shayi ya tafasa komai ya sauko, in kashe data. Ranar nan 'yar ƙanwata ta tsaya a bayana ta daɗe tana kallon allon, can ta ce, "Kawu, kutse kake yi wa banki?" Na ce mata a'a, amsa nake ba wani mutum da yake so in rage masa naira dubu biyar a kuɗin fassara. Injiniya kuma yanzu ya koma wata sabuwa wai ita aerc, yana ta nema in zo in gani. Na ce masa sai bayan sallah.