Abin da aikin El Anatsui ke koya wa mai aikin hannu

Duk wanda ya zauna ya nazarci ayyukan El Anatsui, shahararren mai zane da sassaƙa, zai lura cewa kayan aikinsa sun yi ta sauyawa, daga katako zuwa yumɓu zuwa ƙarfe, amma dabararsa ɗaya ce: ƙananan gutsattsari da ake haɗawa ba tare da an ɗaure su tamau ba. Launi da tsari da haɗi su ne maganarsa.

An haife shi a Anyako ta ƙasar Gana a 1944, ya yi karatun zane da sassaƙa a Kumasi, sannan ya koma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975, inda ya koyar har 2011. Ya fara ne da farantan katako irin waɗanda 'yan kasuwa ke baje kaya a kai, yana ƙona musu alamomin adinkra, wato alamomin gargajiya na Gana, da ƙarfe mai zafi. Daga nan sai yumɓu, inda ya riƙa yin tukwane masu kamar an fasa an sake ɗinkewa. Darasin nan tsofaffin magina sun daɗe da saninsa: idan aka daka tsingaro aka cuɗa da sabon yumɓu, tukunya ta fi jure wuta, domin garin tsingaron yana rage tsukewar yumɓu yayin bushewa, yana kuma ba tururi hanyar fita. Tukunyar da aka sa wa wuta da sauran danshi a cikinta kuwa, fashewa za ta yi.

A 1980, yana Amurka, ya ɗauki zarton inji. Yakan jera filankai kafaɗa da kafaɗa, ya tsaga su da zarton, ya babbake tsagar da wuta har ta yi baƙi, sannan ya ɗiga launi nan da can. Tun da filankan ba a manne suke ba, ana iya sauya musu jeri.

Aikin da ya fitar da sunansa duniya shi ne na murafen kwalabe, wanda ya soma a ƙarshen shekarun 1990 ya kuma yi gwaji da magogin rogo da murafen gwangwanin madara. Murafen na kwalaben giya ne, kuma shi kansa yakan danganta su da tarihin cinikin barasa da bayi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Amma ga mai son koyon aikin, abin dubawa shi ne ƙarfen. Alminiyam ne mai laushi, almakashi na yanka shi, yatsa na lanƙwasa shi. Murfin kwalbar lemo ba zai yi ba, baƙin ƙarfe ne, ga wuyar hudawa ga tsatsa. Gwajin mai sauƙi ne, a kara maganaɗisu, in ya kama to a ajiye shi gefe.

Murfi ɗaya yana ba da abu uku: da'irar sama, da gefen da ake warwarewa ya zama falle mai tsawo, da siririn zoben da ke saura a wuyan kwalba. Kowanne da irin saƙar da yake bayarwa. Fallen yana yin shimfiɗa mai cika ido, zoben kuma yana yin raga da haske ke ratsawa. Ana daddaɓe falle da guduma, a huda kusurwoyinsa huɗu da basilla, a zura guntuwar wayar jan ƙarfe ta haɗa shi da maƙwabcinsa, a murɗa da filaya.

A wannan murɗin ne mai koyo ya fi yin ɓarna. Hannu yakan so ya matse, alhali in waya ta matsu sai faifan da aka saƙa ya sandare kamar kwanon rufi, ya ƙi yin ninki, kuma da zarar an tilasta shi sai hudar ta yage. Ana so a bar ɗan sarari yadda kowane falle zai iya motsawa a kan ɗan'uwansa. Huda kusa da baki ma yagewa take yi idan nauyi ya hau. Sai danshi: inda jan ƙarfe ya taɓa alminiyam, in ruwa ya zauna, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, don haka ɗakin ajiya mai yoyo ba wurinsa ba ne.

Ba a saƙa babban aiki a tashi ɗaya. Mataimakansa, matasa da dama, suna haɗa ƙananan faifai daban-daban, kowanne da launinsa, shi kuma ya sa a baje su a ƙasa, a yi ta ja ana sauya musu wuri yana ɗaukar hoto, sai tsarin ya kwanta masa sannan a ɗinke su. A ganina nan ne ainihin zanen yake faruwa, don a wannan mataki gyara ba ya cin komai.

Da irin wannan saƙa ya lulluɓe fuskar ginin Palazzo Fortuny a birnin Venice a 2007, inda kuma aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a 2015, ya kuma cika babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Ba ya kafa wa masu ratayewa dokar yadda za su ninka aikin, shi ya sa abu ɗaya ke fitowa da kama daban a kowane zaure. Sai dai mai ratayewa ya raba nauyin a kan ƙusoshi da yawa, ya fara daga sama yana sassautowa, domin in ƙusa biyu kaɗai suka ɗauki komai, layin sama ne zai fara ɓallewa.