Wasiƙa daga Geneva: ƙungiyoyinmu na bukatar mu fiye da Turawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya haƙuri da mu?

Daga Geneva nake rubuto muku, inda Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ke zama. Wakilan ƙungiyoyin farar hula kan zo nan da kokensu, a saurare su, a fitar da sanarwa, su koma gida su tarar da ofishinsu a garƙame. Abin yana ci mini rai.

Yanzu gwamnati ba sai ta turo soja ba, doka ta ishe ta. A 2009 Habasha ta hana duk ƙungiyar da ke samun fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗinta daga waje taɓa aikin kare haƙƙi. Rasha ta kawo dokar "wakilan ƙasashen waje" a 2012, wadda ke liƙa wannan suna ga ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi daga waje, sannan a Disambar 2021 kotun ƙolinta ta rushe Memorial, ƙungiyar da ta daɗe tana tattara sunayen mutanen da aka kashe a zamanin Stalin. Kyautar Nobel da Memorial ta samu a 2022 ba ta soke hukuncin ba. A Indiya kuwa asusun ƙungiyar kare haƙƙi ta Amnesty aka rufe a 2020, aiki ya tsaya cak.

Ba na raina matsin lambar duniya, takan sa a saki wani, ko a ji kunyar taɓa wani. Amma ku tuna Nuwamban 1995. Duniya ta yi ta roƙo, gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, mai fafutukar kare haƙƙin 'yan Ogoni, da mutum takwas, sai bayan aikin gama ya gama ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da Najeriya. Dokar Habasha kuwa an soke ta a 2019, bayan matasan ƙasar sun shafe shekaru a kan tituna har shugabanci ya sauya.

Zargin "'yan koren Turawa" yana kama ƙungiyoyinmu ne saboda kuɗinsu daga waje yake zuwa, mu kuma ba mu ba su ko sisi. Don Allah, ƙungiyar da kuka ga aikinta da idonku, wadda ke bin sawun waɗanda aka tsare ba shari'a, ku sa mata hannu da abin da ya sauwaƙa. Ranar da aka gurfanar da shugabanninta, ku cika kotun.

Naku,
ɗan'uwanku a Geneva