"I'm coming" da "ina zuwa" ba ɗaya ba ne

Watana biyu da fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Mancesta, can Ingila, wata dattijuwa ta danna ƙararrawar ɗakinta. Na leƙa, ta ce ƙafafunta sun yi sanyi, tana son ƙarin bargo. Na ce mata "I'm coming", na juya na fita.

Ma'ajiyar barguna tana can ƙarshen baranda, ban fi minti uku ba na dawo. Na tarar ta kawar da kai, ta dunƙule hannu a kan tsohon bargonta. Sai da na gama lulluɓa mata ƙafafu ta ce, a hankali: "Kin ce kina tahowa, sai kika ba ni baya." A zatonta na yi mata alkawari ne na karya a gaban idonta. Raina ya sosu, don matar nan ba ta iya tashi da kanta, duk abin da aka gaya mata shi take riƙewa.

Wata abokiyar aikina, 'yar Ghana, ita ta warware min. Ta ce ita ma haka ta sha da farkon zuwanta. Mu a gida "ina zuwa" aiki biyu yake yi: ka amsa kira da shi, ka kuma yi sallamar ɗan lokaci da shi. Bayarabe zai ce "mo n bọ̀", mai Turancin buroka ya ce "I dey come", kowa ya gane tafiya za a yi a dawo. Shi muka ɗauko muka sa masa rigar Turanci, kuma daga Kano har Legas ba wanda zai tsaya tambaya.

A kunnen Bature kuwa "come" tahowa ce zuwa wurin mai magana ko wanda ake wa magana. Idan an kira ka daga wani ɗaki ka taso, nan ne gurbin "I'm coming". Idan kana tare da mutum za ka fita ka dawo, "I'll be right back" ake cewa, ko "just a minute" in abin ba zai ɗau lokaci ba.

Ban ga laifin Turancinmu na gida ba, har yau da shi nake magana da 'yan'uwana a waya. Amma a wurin aiki na ƙara wani abu da ba wanda ya koya min: ina faɗin inda za ni da abin da zan ɗauko. Washegari dattijuwar ta nemi shayi. Na ce mata kicin zan je, minti biyar zan dawo da shi. Ta gyaɗa kai, ta ce kada in cika sukari.