Yadda na canja salansar motata a Legas ba tare da na dami maƙwabta ba

Ruwan Legas ne ya cinye min salansa. Motar Honda Accord ce ta 2004 wadda ake ce wa EOD, silinda huɗu, injin 2.4, tokumbo na saye ta lafiyarta ƙalau, amma duk mai bin hanyar Agege zuwa Oshodi da damina ya san irin ruwan da ƙarƙashin mota ke sha, ga iskar teku mai gishiri, a hankali tsatsa ta huda tukunyar baya. Tunda dai dole sai an canja sai na ce to bari in sa wadda ta fi ta kamfani sakin hayaƙi, in samu ɗan gurnani mai daɗi, amma ba irin na yaran nan da ke tsaga titi da tsakar dare ba.

A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na fara zagayawa, kuma kusan duk shagon da na shiga magana ɗaya ce, wai in ɗauki bututu mai faɗin inci 3 in cire komai, mota za ta tashi sama. Mai waldana ɗan Kano ne, ya daɗe a Agege yana wannan sana'a, da na kai masa labari sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, inci uku na injin mai turbo ne, injinka ba shi da hayaƙin da zai cika shi." Kuma gaskiyarsa. Hayaƙi ba a jere yake fita ba, bugu-bugu yake fita, duk bugun da ya wuce da gudu yana janyo na bayansa daga cikin silinda. In bututu ya yi faɗi da yawa sai gudun hayaƙin ya ragu, janyowar ta mutu, ka taka totur daga tsaye ka ji motar ta yi nauyi, alhali a Legas rayuwarmu kaf tashi da tsayawa ce a gosulo, ƙarfin ƙasa muke buƙata ba na can saman mita ba. Injin irin nawa inci 2.25 zuwa 2.5 ya ishe shi, mu 2.25 muka ɗauka.

Sai maganar indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke kusa da injin (catalytic converter). Nan fa na kafe. Wani bakanike da ke gefe har cewa ya yi zai cire min kyauta, to ai dole ya ce kyauta, tunda akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam da ake saye da kuɗi sosai. Aikinta ƙone gubar da ke cikin hayaƙi, kuma akwai sensa kafin ta da bayanta da ke kai wa kwamfutar mota rahoto, kana cirewa wutar cek injin za ta kama, warin hayaƙi ya dinga shigo maka, kai da iyalinka kuna tsaye a Ojota gilashi a buɗe kuna shaƙa. Indomi in dai ba toshewa ta yi ba ƙarfin da take ci kaɗan ne ƙwarai. Na ce a bar min kayata, kuma ban matsa daga wurin ba har aka sauke motar. Daga bayanta muka fara aikinmu.

Abin da ya fi yi min amfani a duk aikin nan shi ne ba mu yi walda nan take ba. Mai waldar ya ce a ɗaure da kilam, wato maɗaurin ƙarfe mai notu, tukuna in je in zaga in dawo. Gwajin farko tukunya ce miƙaƙƙiya, irin wadda in ka leƙa ta wannan baki kana hango haske ta ɗayan, bututu ne mai huji-huji an naɗe shi da audugar gilas, kuma babu rizoneta, wato ƙaramar tukunyar rage gunji, a tsakiya. A gareji wallahi daɗin ji gare ta, yaran shago har tafi suka yi da aka taka. Amma da na hau gadar Third Mainland na daidaita a kan 80 zuwa 90, allurar injin na wajen juyi 2,000 a minti ɗaya, sai wani gunji ya cika cikin motar, ba ƙara ba ce mai tsini, wani abu ne mai kauri da ke danna dodon kunne kamar an kifa maka tukunya a ka ana buga gindinta. Madubin tsakiya na rawa, hoton motocin baya ya dishe, kuɗin ƙarfe da makullan da ke cikin aljihun gaban giya suna ta kaɗawa. Gadar nan ta kusa kilomita 12, kafin in sauka kaina ya fara sarawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin mai silinda huɗu sau biyu yake tashin wuta a kowane juyi, a kan 2,000 ke nan bugu kusan 67 a cikin sakan ɗaya, sautin ƙasa ne sosai, kuma audugar gilas sautin sama ta fi iya shanyewa, na ƙasa wucewa yake ya haɗu da jikin mota da but ɗin kaya su dinga amsawa tare. Wanda ke tsaye a waje bai san kana ciki ba. Shi ya sa jin salansa a gareji ana taka totur ba ya gaya maka komai, a gudun da ka saba tafiya kullum za ka gwada, gilashi a rufe, rediyo a kashe.

Da na dawo muka mayar da rizoneta mai ɗan tsawo a tsakiya, tukunyar baya kuma muka canja zuwa wadda ta fi girman ciki. Gunjin nan ya ɓace kusan gaba ɗaya, sai ka taka sosai ta wuce 3,500 sannan take buɗe murya, kuma haka nake so.

Akwai gwaji na biyu da ba kowa ke tunawa da shi ba, tashin asuba. Injin in ya kwana ya yi sanyi sama yake ɗaga kansa na ɗan lokaci kafin ya sauka, lokacin ne salansa ta fi ƙara, ni kuma bayan sallar asuba nake fita don in riga gosulo, gidan haya ne, tagar wani dattijo na daidai inda nake ajiye mota. Da kaina na same shi na ce, "Baba, don Allah in motar nan tana damunka da safe ka gaya min." Ya ce ya dai ji muryarta ta canja amma ba ta tashe shi ba. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, kuma ko a dokance LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ta sa iyakar ƙara a unguwannin zama, desibel 55 da rana 45 da dare, sannan duk ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa ne kamar an ninka ƙarar biyu, don haka abin da kake gani ɗan ƙari ne a wajen mai barci ba ɗan ƙari ba ne.

Maganar ƙarfi kuwa kar kowa ya ruɗe ka. Injin nan doki 160 kamfani ya ba shi, canja salansa daga bayan indomi ba zai mayar da shi wata mota ba, abin da na ji shi ne ta fi sakin jiki in zan wuce tirela a hanyar Ibadan, shi ke nan. Ƙara tana sa mutum ya ɗauka gudu yake, kuma tana sa ƙafa ta yi nauyi don kawai a ji muryar, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kowa ya san abin da hakan ke nufi a gidan mai.

Ƙarfen sitenles na sa duk da ya fi tsada, saboda baƙin ƙarfe ruwan da ya ci na farko shi zai ci shi. Robobin rataya ma sababbi na saya, kuma na sa aka ɗaga tukunyar ta lafe da jiki saboda tudun rage gudu da ramukan unguwa. Kafin in biya sai da aka tada injin, malamin ya bi kowace mahaɗa da bayan hannu yana neman inda iska ke tsira, don yoyon hayaƙi a ƙarƙashin kujera yana iya kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Ya kuma ce in ta sha zafi ta huce na ɗan kwanaki in dawo a ƙara ɗaure notuna, kuma in sani audugar ciki tana ƙonewa a hankali, muryar za ta ɗan ƙaru nan gaba, shi ya sa tun farko muka tsaya ƙasa da abin da kunnena ya so.