Gas ɗin AC Ba Ya Ƙarewa, Yoyo Yake Yi

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Kano, kiran da ke shigo mini kusan iri ɗaya ne: "Malam, zo ka ƙara mana gas, namu ya ƙare." Gas ɗin AC kuwa ba fetur ba ne da za a ce an ƙona shi. Zagaye kawai yake yi a cikin bututu a rufe, daga injin waje zuwa na ɗaki ya komo. In ya ragu, to ya sami ƙofa, kuma a yawancin gyaran da na yi ƙofar tana bakin notuna huɗun da ke haɗa bututu da injinan ne, biyu a ciki, biyu a waje. Tun ranar ɗauri ake shuka matsalar.

A bazarar da ta wuce na ɗaura wani mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a wani gidan bene, mai gas R410A. Bututunsa biyu ne, siriri mai kwatan inci da kakkaura mai rabin inci. Kafin komai sai da na kankare bakinsu da wuƙa, don akwai sanholo da ake yi wa rini ya fito kamar jan ƙarfe, sai ka kankare ka ga fari. Irin wannan da wuya bakinsa ya jure ɗauri.

Da abin yankan bututu nake yanka, a hankali, ban yarda da zarto ba, don garinsa in ya faɗa ciki sai ya kai ga kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin. Wajen share kaifin baki ma ƙasa nake kifa bututun saboda haka. Sannan noti ya fara shiga kafin a buɗa bakin. Wannan na maimaita wa yaron da ke taya ni har ya gaji da ji. Buɗa bakin nan, da muke ce wa filarin, shi ne zuciyar aikin. Babu roba, babu gam a wurin. Ƙarfe ne ke kwanciya a kan ƙarfe. In bakin ya karkace, ko ya tsage, ko ya yi gautsi a gefe guda, yanke shi nake yi in sake. Gas R410A matsinsa ya fi na tsohon R22 da sama da rabi, don haka bakin da a da zai iya lallaɓawa, yanzu ba ya rufa asiri.

Mun liƙe bakunan da salatif kafin mu zura su ta ramin bango, saboda ƙura da yashi. Lanƙwasa kuma a sannu, da faɗi, kada bututun ya tsuke.

Wajen ɗauri, da hannu nake fara murza notin har ya zauna daidai, sannan sufana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta matse. Littafin injin ya ba da ƙarfin da ake so, wajen 18 ga siriri, wajen 55 ga mai rabin inci, a ma'aunin ƙarfin murɗa noti da ake kira Newton-mita. Masu ganin ƙarfin dantse shi ne gwaninta su ne ke fasa filarin, ya yi shiru wata biyu sannan ya fara hura.

Daga nan sai inda ni da abokan sana'a da yawa muka raba gari. Al'adar da aka saba ita ce a ɗan buɗe bawul gas ya yi fiii ya kori iskar da ke cikin bututu. Wannan yana zubar da gas ɗin mai gida, kuma ba ya fitar da danshi. Man kwampireson R410A yana shan danshi, ya koma mai tsami yana cin wayoyin ciki. In injin mai R32 ne ma, gas ɗin yana iya kama wuta. Ni injin bakum nake haɗawa, wanda ke zuƙe iska da danshi daga cikin bututu. Ranar babu wuta, na ce wa mai gidan, "Alhaji, ranka ya daɗe, sai an tayar mana da janareta." Ya ce wanda ya ɗaura masa na falo bai nemi haka ba. Na tambaye shi ko an taɓa ƙara wa na falon gas. Ya yi murmushi, ya aika a tayar.

Kusan rabin awa na bar injin yana zuƙa, har allurar geji ta kwanta a ƙarshen ƙasa, sannan na rufe na zuba mata ido. Ba ta motsa ba. Wanda ke da tukunyar naitirojin, gwaji da ita ya fi wannan tabbas.

Bututunmu ya kai mita 8, littafin kuma ya ce gas ɗin da ya zo a injin na mita 5 ne, a ƙara giram 20 ga kowace mitar da ta haura. Giram 60 ke nan, a kan sikeli, ba da ka ba. Kuma a kife na sa tukunyar gas ɗin, don R410A haɗin gas biyu ne, a ruwansa ake ɗura shi.

Na buɗe bawul ɗin siriri da makullin alan, sannan na kakkaura, duka har ƙarshe, na shafa kumfar sabulu a notunan huɗu na jira. Babu ƙwai ko ɗaya. Na mayar da murafen bawul na matse su, don su ma tsare gas suke yi. Kowane bututu da sosonsa na tare sanyi daban, muka naɗe su da tef saboda ranar Kano ba ta barin soso tsirara ya shekara. Da injin ya yi minti goma sha biyar yana aiki na taɓa kakkauran bututu, sanyi ƙalau yana gumi, siririn kuma babu ƙanƙara a jikinsa. Muka toshe ramin bango, yaron ya sauko da tsani.